Kafin a kai gwal kasuwa: Na wane ne, nawa ne nauyinsa, nawa ne kuɗinsa?

A yawancin gidajenmu, gwal shi ne bankin iyaye mata. Sarƙar da aka sa a lefe, 'yan kunnen da aka yo tsaraba daga Makka, zoben da aka saya da kuɗin adashi, duk ajiya ce ta ranar da ba a fata. Idan rashin lafiya ta zo, ko lokacin biyan kuɗin jarrabawar WAEC da NECO ya matso babu ko sisi a hannu, sai a buɗe akwati a ɗauko. Abin da ake fara ɗaukowa kuwa galibi shi ne wanda ya riga ya lalace: sarƙar da ta tsinke, warin ɗan kunnen da ɗan uwansa ya ɓata, awarwaron da ya lotse.

A nan ne ake tafka asara. Mai kaya yana cikin matsuwa, yana kuma kallon abin nasa a matsayin tarkace, sai ya sallama a tayin farko. Alhali gwal ba ruwansa da tsinkewa. Giram ɗaya na tsinkakkiyar sarƙa da giram ɗaya na sabuwa dal, in dai ingancinsu ɗaya ne, zinaren da ke cikinsu ɗaya ne. Kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na gwal ɗin da ke shiga kasuwannin duniya duk shekara daga irin wannan tsohon kaya yake fitowa. Narkar da shi ake yi, a tace, a sake ƙerawa.

Dalili biyu suka sa muka kawo wannan batu a shafin ɗalibai. Na farko, ku ne ake cewa ku raka Umma ko Inna kasuwa, ku ne masu waya da kalkuleta a hannu, lissafin kuma bai wuce na ƙaramar sakandare ba. Na biyu, ku ne kuka fi yin tsintuwa: a filin makaranta, a gidan biki, a filin idi, a kujerar A-daidaita-sahu.

Tambayar farko: na wane ne?

Kafin a zo maganar farashi, sai an san mai kaya. Wanda ya tsinci ɗan kunnen gwal yakan ji kamar ya tsinci dami a kala, amma a daidai wannan lokacin akwai wata baiwar Allah da take can tana zazzage jaka tana hawaye.

Musulunci ya yi wa tsintuwa tsari. A hadisin Zaidu bin Khalid da ke cikin Bukhari da Muslim, Annabi (SAW) ya umarci wanda ya yi tsintuwa ya gane alamominta, ya yi cigiya shekara guda. Idan mai ita ya zo ya faɗi alamar, a ba shi. Idan shekara ta cika bai zo ba, wanda ya tsinta yana iya amfani da ita, amma duk ranar da mai ita ya bayyana sai a biya shi. Sahabi Ubayyu bin Ka'ab ya taɓa tsintar jaka mai ɗauke da dinare 100, kuma cigiya aka umarce shi ya yi. Ga 'yan uwanmu Kirista ma, sura ta 22 ta littafin Maimaitawar Shari'a ta yi umarni da a adana abin da ɗan uwa ya yar har ya zo nema a mayar masa.

Dokar ƙasa ba ta bar zancen ba. A kundin hukunta laifuka na jihohin Arewa, wato Final Kod, wanda ya tsinci kaya ya mayar nasa alhali yana da hanyar neman mai shi ya yi laifi. Haka wanda ya karɓi kayan da ya san na sata ne, ko yake da dalilin zargin haka. Don haka idan aboki ya miƙo muku sarƙa ya ce ku taimaka ku sayar masa za ku samu naku kason, ku tambayi kanku me ya hana shi zuwa da kansa. Ranar da asiri ya tonu, fuskar wanda ya je shago ita mai shago zai tuna.

Abin yi mai sauƙi ne. In a makaranta ne, a kai wa shugaban makaranta ko malamin aji. In a unguwa ne, a sanar da iyaye, su kai maganar wurin mai unguwa, ko liman, ko ofishin 'yan sanda, ko a ba da cigiya a gidan rediyo. Wajen cigiya kada a faɗi komai da komai. A ce an tsinci kayan ado a wuri kaza, rana kaza. Kada a sa hotonsa a Facebook ko WhatsApp, domin da zarar an gani, masu shi za su yi yawa. Mai kaya na gaskiya shi zai siffanta shi, ko ya kawo ɗaya warin, ko rasit.

Akwai kuma tsintuwar cikin gida. Zoben da aka gani a ƙasan akwatin marigayiya kaka dukiyar gado ne, magada duka suna da haƙƙi a ciki. Wanda ya fara gani ba shi da ikon sayarwa.

Duk abin da za mu faɗa daga nan ya shafi gwal ɗin da aka tabbatar na gida ne, kuma mai shi ya yarda a sayar.

Mene ne karat?

Tsantsar zinare yana da laushi ƙwarai. In aka yi zobe da shi zalla, ba a jimawa zai lanƙwashe. Shi ya sa maƙera ke gauraya shi da jan ƙarfe ko azurfa don ya yi ƙwari. Karat shi ne ma'aunin da ke nuna yawan zinaren da ke cikin wannan gauraye, kuma ana lissafa shi ne bisa 24. Karat 24 tsantsa ne. Karat 18 na nufin kashi 18 cikin 24 zinare ne, wato uku bisa huɗu, sauran kashi 6 wani ƙarfe ne.

Masu ƙira sukan buga ɗan ƙaramin hatimi a jikin kaya: a maƙallin sarƙa, a cikin zobe, ko a sandar ɗan kunne. Wani lokaci karat ɗin ake rubutawa, kamar 18K. Wani lokaci kuma lamba uku ce da ke nuna kason zinare cikin dubu. Ku haddace waɗannan:

999 shi ne karat 24.
916 shi ne karat 22.
875 shi ne karat 21.
750 shi ne karat 18.
585 shi ne karat 14.
375 shi ne karat 9.

Kayan Saudiyya da Dubai sun fi zuwa a karat 21 da 22, na Italiya a karat 18, na Amurka a karat 14. Kyamarar waya in aka zuƙo ta tana taimakawa wajen karanta hatimin. Idan kuka ga haruffa irin su GP ko GF kusa da lambar, ruwan gwal ne aka yi wa wani ƙarfe, zinaren da ke jiki ɗan fatar sama ne kawai. Lambar 925 kuwa ta azurfa ce.

Sai dai hatimi shaida ce ta farko kurum. Mai yin jabu ma yana da abin buga hatimi, sannan akwai gwal na gaske, musamman ƙirar maƙeran gida, da ba shi da hatimi ko kaɗan.

Ina ake samun farashin yau?

Gwal yana da farashi guda a duniya, wanda ke motsi kullum. A birnin Landan ana tsayar da shi sau biyu a kowace ranar aiki, ƙarfe 10:30 na safe da 3:00 na yamma agogon can, ƙarƙashin ƙungiyar 'yan kasuwar zinare da ake kira LBMA. Ana faɗarsa ne da Dalar Amurka a kan oza ɗaya. Ozar gwal giram 31.1 ce, ta fi ozar da ake auna kayan abinci da ita, wadda take giram 28.35. A Dubai da Indiya za ku ji ana maganar tola, ita kuma giram 11.66 ce.

Farashin ya yi tafiya mai nisa a 'yan shekarun nan. A watan Agustan 2020 oza ta haura Dala 2,000 a karon farko. A watan Maris na 2025 ta haura Dala 3,000, a watan Oktoban shekarar kuma ta wuce Dala 4,000. A gida kuma Dala ta tashi daga ƙasa da Naira 500 a farashin gwamnati a farkon 2023 zuwa sama da Naira 1,400 a 2024. Ma'anar wannan ita ce, kuɗin da ke rubuce a tsohon rasit ba abin dogaro ba ne. Uwar da ta sayi sarƙa shekara goma da suka wuce, in aka ba ta ninki uku na abin da ta biya za ta yi murna, alhali wataƙila ko rabin kuɗin kayan ba a ba ta ba.

Don samun farashin giram ɗaya, ku duba farashin oza na ranar a intanet, ku raba da 31.1, sannan ku ninka da canjin Dala na ranar. Wanda ba shi da data yana da wata hanyar. Hukumomin zakka da jaridu sukan fitar da nisabin zakka, nisabin kuma dinare 20 ne, wato kimanin giram 85 na zinare. In kuka raba kuɗin nisabin da 85, za ku samu kusan farashin giram ɗaya. Ku dai lura da kwanan watan sanarwar.

Lissafin kansa

Abu uku ake ninkawa: nauyi, da inganci, da farashin giram.

Mu ƙaddara, don sauƙin lissafi, oza tana Dala 3,110, Dala kuma tana Naira 1,500. Giram ɗaya na tsantsar zinare ya zama Dala 100, wato Naira 150,000. Waɗannan lambobin misali ne, ranar da za ku je kasuwa sai ku sa na ranar.

Ga tsinkakkiyar sarƙa mai nauyin giram 8.4, hatiminta 750. Tsantsar zinaren da ke cikinta shi ne 8.4 sau 0.750, wato giram 6.3. In aka ninka da Naira 150,000 ya ba da Naira 945,000. Wannan shi ne kuɗin zinaren da ke cikin sarƙar.

Ga kuma warin ɗan kunne mai giram 1.2, karat 21. Lissafi: 1.2 sau 0.875 ya ba da giram 1.05, kuɗinsa Naira 157,500. Abin da aka jefa a gwangwanin allura aka manta da shi kenan.

Mai shago ba zai biya wannan kuɗin cif ba, kuma yana da hujja. Zai biya kuɗin narkarwa da tacewa, wani abu yakan ragu a wuta, ga haya, ga haɗarin faɗuwar farashi kafin ya sayar, ga ribarsa. Haka kuma kuɗin aiki da aka biya ranar sayen kayan sabo, wato ladan ƙira, ba ya dawowa. Amfanin lissafin shi ne ya ba ku ma'aunin da za ku gwada kowane tayi da shi. Wanda ya taya sarƙar nan Naira 600,000 ya ba da kashi 63 da ɗoriya cikin 100 na kuɗinta. Wanda ya taya Naira 850,000 ya ba da kusan kashi 90. Ba tare da lissafi ba, duka biyun kuɗi ne masu yawa a kunne.

Gwajin da za a iya yi a gida

Gwaji na farko shi ne na mayen ƙarfe. Zinare ba ya bin maganaɗisu, don haka in sarƙa ta manne, akwai baƙin ƙarfe a ciki. Amma rashin mannewa bai isa shaida ba, domin tagulla da azurfa ma ba sa mannewa. Ku lura kuma da cewa a cikin maƙallin sarƙa akwai ɗan siririn ƙarfe mai tsalle da zai iya jan mayen ƙarfe ko da sarƙar ta gaske ce.

Na biyu shi ne duba da ido. A wuraren da kaya ke gogar jiki, kamar cikin zobe da gefen maƙalli, ruwan gwal yakan koɗe har wani launi ya leƙo. Gwal na gaske launinsa ɗaya ne ciki da waje, kuma ba ya tsatsa.

Na uku ya fito ne daga darasin Fizis. Sama da shekara 2,200 da suka wuce, a birnin Sirakus na tsibirin Sisili, an ruwaito cewa Sarki Hiyero na Biyu ya yi zargin maƙeri ya gauraya masa kambin zinare da azurfa. Ya nemi masani Arkimidis ya gano gaskiya ba tare da an lalata kambin ba. Arkimidis ya lura cewa duk abin da aka nutsar a ruwa yana ture ruwa daidai girmansa. Zinare kuwa yana da nauyi sosai idan aka kwatanta da girmansa, abin da malamai ke kira dansiti. Na tsantsar zinare 19.3 ne, na azurfa 10.5, na jan ƙarfe kusan 9, na tagullar da ake yin kayan kwaikwayo da ita kimanin 8.5.

Ga yadda ake yi. A sami sikelin lantarki mai nuna lamba biyu bayan ɗigo, irin na ɗakin gwaje-gwajen makaranta, da izinin malami. A auna kayan a rubuta. A ɗora kofin ruwa a kan sikelin, a danna maɓallin da ke mayar da shi sifili. A ɗaure kayan da siririn zare a zura shi ya nutse gaba ɗaya, ba tare da ya taɓa gindin kofi ko gefensa ba. Lambar da sikeli ya nuna ita ce girman kayan. Sai a raba nauyin farko da wannan lamba. Alal misali, sarƙa mai giram 10 da ta nuna 0.64 a ruwa ta ba da 15.6, wanda ya dace da karat 18. Karat 22 yakan ba da kusan 17.7, karat 14 kuma 13 da ɗoriya. In amsar ta fito 8 ko 9, ku huta da zuwa kasuwa.

Wannan gwajin ba ya aiki a kan kaya mai rami a ciki ko mai duwatsu, kuma kumfar iska da ta maƙale a jikin sarƙa tana ɓata lissafi. Asid kuwa kada wanda ya taɓa shi a gida. Yana cin fata, yana makantar da ido, tururinsa yana lahanta huhu. Haka ƙoƙarin narkarwa, domin zinare sai zafi ya kai digiri 1,064 a ma'aunin Salshiyas yake narkewa.

A cikin shago

A layin 'yan gwal, ko a kasuwar Wuse ta Abuja ko a babbar kasuwar garinku, hanyar gwaji da aka fi sani ita ce ta dutse da asid. Mai shago zai goga kayan a jikin wani baƙin dutse ya bar layi, ya ɗiga asid mai ƙarfin karat ɗin da yake zato. In layin ya tsaya, gwal ɗin ya kai wannan karat. In ya ɓace, bai kai ba. Wasu manyan shaguna suna da na'urar da ke haska kaya ta nuna kason kowane ƙarfe a allo. Ita ma fatar sama take karantawa, shi ya sa wani lokaci za a nemi izinin ɗan kankare wani lungu. Mai kaya ne zai ce a yi ko a bari.

Yawancin 'yan gwal mutane ne masu riƙe amana, sana'arsu ma a kan yarda take tafiya. Amma ciniki ciniki ne, kowa yana jan ruwa zuwa gonarsa. Ga wuraren da kuɗi ke zurarewa.

Na ɗaya, sikeli. Ku tsaya inda za ku ga allonsa, ku tabbatar yana kan sifili kafin a ɗora kaya. Kada a yarda a share abin da ke bayan ɗigo. A misalinmu na sama, in aka kira giram 8.4 da sunan giram 8, an yi asarar Naira 45,000 a numfashi ɗaya. Ku je da nauyin da kuka auna a rubuce.

Na biyu, karat. In aka sayi giram 10 na karat 21 a farashin karat 18, giram 1.25 na tsantsar zinare ya tafi, wato Naira 187,500. Idan gwajin shago ya saɓa wa hatimi, a nemi a sake a gabanku, ko a gwada a wani shagon.

Na uku, haɗa kaya wuri ɗaya. Kada a zuba karat 22 da 18 da 14 a sikeli tare a yi musu kuɗi ɗaya, domin a farashin mafi ƙanƙanta za a saye su. Ku rarraba tun daga gida, kowanne a ledarsa da takardarsa.

Na huɗu, duwatsu. Mai saye zai rage nauyin dutse, wannan daidai ne. Amma maimakon a yi kintace, a cire dutsen a auna gwal ɗin shi kaɗai, a kuma mayar muku da dutsenku. A cikin Sahihu Muslim, Sahabi Fadala bin Ubaid ya ba da labarin wata sarƙa mai zinare da duwatsu da ya saya dinare 12 a lokacin Khaibar. Da ya rarrabe ta sai ya ga zinaren da ke ciki ya fi dinare 12. Da labari ya kai ga Annabi (SAW), sai ya hana sayar da irinta har sai an rarrabe.

Na biyar, gaggawa. Sauri ya haifi nawa. Ku zaga shago uku aƙalla, a kowanne ku yi tambaya ɗaya: nawa kuke sayen giram na karat kaza yau? Ku tambaya tun kafin ku fito da kaya. Idan aka ce muku "nawa kuke so?", ku ce a fara tayawa. In tayi bai yi ba, "albarka" ta wadatar, ba sai an yi faɗa ba. Kada kuma a faɗa wa mai saye cewa gobe za a rufe rajistar jarrabawa ko maras lafiya yana kwance, domin wanda aka san ya matsu ba ya ciniki da ƙarfi. Gwal kuwa kada ya bar gaban idonku, ko da an ce za a shiga da shi ciki a nuna wa maigida.

Idan kayan lafiyarsa ƙalau kuma ƙirarsa ana yayinta, ku faɗa, domin mai shago zai wanke ya sayar ne ba tare da narkarwa ba, ya kamata farashin ya ɗara na tarkace. Haka tsofaffin sulallan zinare. Fam ɗin zinare na Ingila, alal misali, nauyinsa giram 7.98 ne a karat 22, kuma wani yakan fi kuɗin nauyinsa saboda shekarar da aka buga shi.

Canjin tsoho da sabo

Iyayenmu mata sukan kai tsohon gwal a ba su sabo su yi ciko. Hadisin Ubada bin Samit ya shar'anta cewa musayar zinare da zinare sai nauyi ya zo ɗaya kuma hannu da hannu. Shi ya sa malamai da yawa ke ba da shawarar a raba cinikin biyu: a sayar da tsohon a karɓi kuɗi, sannan a sayi sabon. Wannan yana da amfani ko ta fuskar aljihu, domin a cinikin canji ba a sanin nawa aka yi wa tsohon kuɗi, nawa aka yi wa sabon. Cikon kawai ake ji. Haka kuma ba a sayar da gwal bashi. A karɓi kuɗi a wurin, in tiransifa ce a buɗe manhajar banki a ga kuɗin sun shiga, kada a dogara da saƙon alat ko hoton da aka nuna a wayar wani. A karɓi rasit mai nuna nauyi, karat, farashin giram da kwanan wata.

Tarkon 'yan damfara

Akwai tsohuwar dabara da har yanzu take cin mutane. Kuna tafiya sai wani ya sunkuya a gabanku ya ɗauki sarƙa mai ƙyalli, ya nuna muku hatimi, ya ce tunda tare kuka gani sai a raba. Shi yana sauri, ku ba shi wayarku ko kuɗin da ke jikinku ku riƙe sarƙar. Wani lokaci ma sai na uku ya ɓullo ya rantse cewa shi ɗan gwal ne, kayan na miliyoyi ne. Bakinsu ɗaya, sarƙar kuma ta tagulla ce. Wannan tarko kwaɗayi kaɗai yake kamawa. Ɗalibin da ya riga ya san cewa tsintuwa cigiyarta ake yi, zai ce a kai ofishin 'yan sanda, nan take za su watse.

Ko da kayan gida ne, ɗalibi ba ya zuwa sayar da gwal shi kaɗai. Mai shago na kirki ba zai saya daga hannun yaro ba, wanda zai saya kuwa ya san zai yi masa wayo ne. Aikinku shi ne ku tsaya kusa da Umma ko Baba da takardar lissafi a hannu, ku yi magana cikin ladabi idan lamba ta saɓa. In an cuce ku, akwai shugabannin 'yan kasuwa a cikin kasuwar, akwai kuma hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC.

Ku gwada basirarku

A duka tambayoyin, ku ɗauka giram ɗaya na tsantsar zinare Naira 150,000 ne.

1. Zobe mai nauyin giram 5.2 yana da hatimin 875. Nawa ne kuɗin zinaren da ke cikinsa?

2. Awarwaro mai giram 12, hatiminsa 916, an taya shi Naira 1,400,000. Kashi nawa cikin 100 na kuɗinsa aka taya?

3. Sarƙa mai giram 15 tana da hatimin 750, amma da aka nutsar da ita a ruwa sikeli ya nuna 1.75. Me za ku gaya wa mai ita?

4. Ƙawarku ta tsinci ɗan kunne a harabar makaranta, ta ce ku raka ta kasuwa bayan an tashi. Rubuta amsar da za ku ba ta cikin jimla uku.

Ku yi aikin tare da malamin lissafi ko na Fizis, ku aiko mana da amsoshinku haɗe da sunan makaranta da aji. Za mu kawo amsoshin da sunayen waɗanda suka dace a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.